Sinimar tsakar gida a Mamobi, daren da aka ɗauke wuta

Tun da Baba ya ji labarin yaron nan da ke haska fim a tsakar gidan kakansa a unguwar Mamobi ta Accra duk Asabar bayan Isha'i, ya hana ni sakat. Ni ban sa rai da komai ba. Sau biyu na kai shi sinimar mol, sanyi ya hana shi zama, kuɗin gugguru kaɗai ya fi kuɗin shiga nan, kowa kuma shiru kamar zaman makoki.

Farin yadi ne a bango, majigi a kan tebur, bencina kamar 12, sama a buɗe. Mai tsire a bakin ƙofa, wata Hajiya da kular sobolo, wato zoɓo. Muna shiga Baba ya ja numfashi ya ce, "Wannan ƙamshin, Dunia ke nan." Ya shiga lissafo mini tsoffin sinimomin Accra: Dunia a Nima, Oxford a New Town, Orion a Circle, inda suke takawa da ƙafa don kuɗin motar haya ta trotro ya zama na tikiti. Yau wasu sun koma coci, wasu an rufe.

Tsohon fim ɗin Indiya aka sa. Ana tsakiyar rikici, bos ya kama uwar jarumi, sai ɗif, wuta ta tafi. Yaron ya ja janareta ya ja, ko tari bai yi ba. Samari suka fara "a ba mu kuɗinmu". Kawai na ji muryar Baba a cikin duhu: "Ku zauna, 'ya'yana, na san ƙarshensa." Mutumin da a gida sai ka yi tambaya uku kafin ya amsa ɗaya! Ya miƙe da sandarsa, wani ya haska shi da tocilan waya, inuwarsa ta hau kan farin yadin. Ya yi muryar bos, ya yi kukan uwar, da ya zo wurin waƙa wasu tsofaffi biyu daga baya suka karɓa, mata na tafi. Wani yaro ya ce, "Kaka, ya mutu ne?" Baba ya ce, "Jarumi ba ya mutuwa, zauna." Wallahi sai da na share hawaye. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin rasuwar mahaifiyarmu.

Da a daren na rubuta wannan, da yabo zalla za ku karanta. Amma da safe na ga ƙusar benci ta yage mini sabon kaftani, ƙafafuna duk cizon sauro. Abin da ya fi ci mini rai, ashe janaretan lafiyarsa ƙalau, mai ne babu. A Accra, wanda ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya tara mutane ya karɓi kuɗinsu ba ko galan ɗaya a ajiye? Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, a yi haƙuri," ya miƙo mini 'yar takarda wai mu shiga kyauta mako mai zuwa. Lasifikar ma tun farko tana shaƙewa.

Takardar tana cikin hular Baba, kullum sai ya duba ta. Za mu koma, amma da kujerarmu da maganin sauro, kuma kafin mu zauna sai na buɗe tankin janaretan nan da hannuna.