Sabulun Malaseb ga kare mai yawan susa: inda yake aiki da inda ba ya yi

Na gwada shi a kan karnuka masu jan fata da wari, kuma yana aiki, in dai an gane abin da ke cin karen tukuna.

Sabulun ruwa ne mai haɗin magani biyu: chlorhexidine kashi 2 cikin ɗari, da miconazole shi ma kashi 2. Na farkon yana kashe bakteriya, na biyun kuma funfunar fata da ake kira Malassezia, wadda ke sa fata ta yi maiƙo, ta yi duhu da kauri, tana tsami. An fi ganinta a hammata, tsakanin yatsu, ƙasan wuya da matsematsi. A irin wannan, warin yakan fara raguwa tun kafin jan ya ɓace.

Wajen wankan ne ake yin kuskure. A fara aske gashin da ke kewaye da wurin da ya yi ja, a jiƙa jiki duka, a cuɗa har kumfar ta taɓa fata, sannan a bar ta minti goma cif. A duba agogo, don da kare na fizge-fizge minti uku ma sai ya zama kamar goma, kuma wanda ya ɗauraye da wuri kuɗinsa kawai ya zubar. A kiyaye ido da cikin kunne. A ɗauraye sosai, a goge shi ya bushe, domin danshi a ƙarƙashin gashi shi ke mayar da ɗan ja ya zama gyambo. Sau biyu a mako ya isa. Fiye da haka fata na bushewa.

Amma sabulun ba ya kashe ƙuma, ba ya kashe ƙwaron ƙazwa. In susar a gindin wutsiya take, a zargi ƙuma. In a gefen kunne ne da gwiwa, ga gashi na zuba, wataƙila ƙazwa ce, kuma tana iya kama mutanen gida. Nan sai likitan dabbobi ya kankaro fata ya duba a madubin likita, ya haɗa da ƙwayar magani irin su Bravecto, mai tsare ƙuma mako 12. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kuwa guba ne, kare lashewa yake yi.

Babban kare mai yawan gashi yana cinye kwalba da sauri, a sa wannan a lissafi kafin a saya.