Sadakar da gwamnatin Arizona ke mayar maka

Kunyar da na sha a watan Maris har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini, ga shi dama zafin Phoenix, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, ƙanin na Sakkwato ne. Na kai takardun harajina wurin wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke cika wa mutanenmu fom. Ya gama lissafi ya ce jiha tana bina dala 700 da 'yan kai. Sai ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, kada ka ba su. Kai wa ƙungiyar da ke biya wa yara kuɗin makaranta, gwamnati za ta yafe maka daidai abin da ka bayar."

Ni kuwa, da kunnen ɗan Najeriya, na ce, "Haba Baba, wannan ai 419 ce!" A gaban mutum biyar da ke jiran layi. Wata 'yar Somaliya har da riƙe ciki don dariya.

Ashe doka ce tun 1997, kuma Arizona ce ta fara. Ka ba da ɗari, a cire maka ɗari cif daga haraji, har zuwa iyakar da aka yanka, wadda da farko dala 500 ce. Ƙungiyar kuma dole ta zuba aƙalla kashi 90 cikin ɗari a karatun yara, a makarantun kuɗi: na Katolika, na Yahudawa, har da na Musulmi. Ko ranar 15 ga Afrilu ka bayar, za a lissafa shi a harajin bara. Wasu sun kai ƙara cewa kuɗin gwamnati na tafiya makarantun addini, amma a 2011 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ba su da hurumin ƙarar, tunda kuɗin bai taɓa shiga baitulmali ba.

Na bayar. Kafin na kai mota rasit ya shigo wayata, da lambar da zan rubuta a fom. Wallahi sai da na tsaya ina kallonsa, ina tuna 'yan rabanu a kasuwarmu da tikitin da ba a san aljihun da yake shiga ba.

Amma fa kada ku ɗauka aljanna ce. Na ce to a sa sunan 'yata, ita ma ta bar makarantar gwamnati. Aka ce haram, doka ta hana ka ware wa ɗan da kake ciyarwa, ta kuma hana musaya, wato ka ba nawa in ba naka. In ina so ta samu, sai na cika wani fom ɗin, na kawo shaidar abin da nake samu a shekara, na jira. Takarda a kan takarda, kamar mai neman biza. Maƙwabciyata, malamar firamare ta gwamnati da ke sayen kayan aji da albashinta, ta harare ni da na ba ta labari. Tana cikin waɗanda suka yi yajin aiki a 2018. A ganinta kowace dala da na karkatar giɓi ce a asusun da ake biyanta, kuma da yawa daga yaran da ke amfana dama can iyayensu na iya biya. Ban sami amsar da zan ba ta ba. Ga shi gwamnatin tarayya ma ta shigo: dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 za ta ba da irin wannan har dala 1,700 daga 2027, a jihohin da suka yarda.

Mu kuwa da za a kawo mana wannan, kafin sati kowane mai kuɗi ya buɗe gidauniya da sunan mahaifiyarsa, jerin marayu ya cika da 'ya'yan su wane. Ba ma ba da kujera ɗaya sai an kira mai hoto. Duk da haka ni kawuna ne ya biya mini sakandare, bai nemi rasit ba, bai kuma taɓa gorantawa ba.

Na tambayi Baba ko akwai lada a sadakar da ba ta rage maka komai. Ya ce shi fom yake cikawa, in je wurin liman. Ban je ba tukuna. Kuɗin zangon karatun yaran Yaya a Gusau dai na tura ranar Litinin, kuma wannan babu mai mayar mini.