Rumfar kifin Daavi a Anyanui, kifi kam akwai amma a je da wuri

Jama'a duk wanda hanya ta bi da shi yankin Volta na Ghana ta wajen Keta, akwai wata rumfar gashin kifi a bakin ruwan Anyanui da ya kamata ya leƙa. Ba allo ba suna, Daavi kawai kowa ke kiran mai wurin, benci biyu ne da tebur da murhu, shi ke nan.

Kifin dai wallahi ba magana. Karfasa ce ake ɗauko ta daga kwale-kwale a gabanka, ta tsaga ta ta shafe ta da citta da attaruhu da albasa ta ɗora a wuta, itacen ma na bishiyoyin nan ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri wanda ake tarawa tsibi-tsibi ana sayarwa a garin, shi ke ba kifin wani ƙamshi da ba ka samu a gashin gawayi na Accra. Ana haɗa maka da akple (tuwon masara) ko abolo (ƙullun masara da ake turarawa), ni abolo na fi so don akple ɗinta ya ɗan yi ruwa, sai shito, wato miyar barkono mai yaji har hanci. Ku nemi ƙananan kifin nan soyayyu ma, Keta school boys, kamar gyaɗa ake watsa su a baki.

Mutanen Fuveme ne ita da masu kawo mata kifin, ƙauyen masunta da ke kan wani siririn yashi tsakanin teku da bakin kogin Volta, wanda teku ya cinye gidajensa da makarantarsa har mutane suka yi ta tashi. In ka ɗauki kwale-kwale mai inji ka tsallaka za ka ga kututturen kwakwa a cikin ruwa da guntun bangon bulo rabi a binne, direban yana nuna maka da hannu wai nan unguwa ce a da. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogin ke kawowa gaɓa ya ragu, ga haƙar yashi ga toroƙon teku, a Nuwamban 2021 ma ruwa ya raba dubban mutane da gidajensu a gaɓar Keta. Ko ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmark suka gina a 1784 teku ya ci wani sashe nata, balle ɗakin bunu.

Shi ya sa kifin ba kullum ba ne. In masunta ba su samu man inji ba ko igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kafin azahar ta kwashe kaya, kada ka zo da la'asar ka ce na yaudare ka.

Abun da ban so ba, ƙuda ya yi yawa, ruwan wanke hannu kuma roba ɗaya ce kowa na tsomawa, sayi piya wata ka wanke abunka. Ba ta dafa komai sai kifi da kaguwa don haka hankalin musulmi a kwance, sai dai rumfar kusa akpeteshie, wato barasar gargajiya, ake sayarwa da hayaniya, kuma wurin sallah babu, taho da dardumarka. Kuɗin ba tsada in ka haɗa da Accra, amma ka yi ciniki da mai kwale-kwale tun kana tudu, kuma ka ce sai ya ba ka rigar ruwa don ba ya bayarwa sai an tambaya. Laraba ce ranar kasuwa, ranar an fi samun kifi da abin hawa.