Mai ɗaukar hoton da muka ɗauko wa gasar dambe: farashinsa da aikinsa

Naira 260,000 mai ɗaukar hoton ya yanka wa kwamitinmu a kan gasar dambe ta yini biyu da muka shirya a bayan garin Zariya cikin hunturun da ya wuce, kuma ana karanta adadin kan 'yan kwamiti ya rabu. Wasu suna ganin akwai samari a unguwa masu manyan wayoyi da za su yi aikin a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi ba, wasu kuma suna tuna irin hotunan da aka saba samu daga wajensu, inda 'yan damben ke fitowa dishi-dishi, ba a iya bambance wanda ya kai duka da wanda ya karɓa. Mutumin zaman kansa yake yi a Kaduna, ba ya ƙarƙashin wata jarida ko kamfani, kuma abin da ya fara jan hankalina gare shi shi ne a rubuce ya aiko da farashin, kowane abu da kuɗinsa.

Ladan aikin fili Naira 90,000 ne a kowane yini, daga ƙarfe uku na rana zuwa magariba. Ya ware 40,000 na mota da masauki, tunda tsakanin Kaduna da Zariya tafiyar kusan kilomita 80 ce kuma dole ya kwana, sannan wata 40,000 ta tantance hotuna da gyara su a kwamfuta, bisa alƙawarin zai miƙa mana guda 150. Ya nemi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya kuma rubuta cewa duk awa ɗaya da aka ƙara bayan magariba Naira 15,000 ce. Da shugaban kwamiti ya nemi ragi, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, zan iya rage yawan hotunan, amma ladan yini ba ya taɓuwa." Ya kafa hujja da cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi bayan haka, kuɗin mota da na kayan aikinsa, waɗanda da dala ake shigo da su, sun yi tashin da bai bar masa wurin rangwame ba. Hujjar ba ta yi wa kowa daɗi ba, amma babu wanda ya iya musanta ta.

A ganina tsarin biyan yini ya fi dacewa da dambe a kan biyan kowane hoto, wanda masu hoton biki suka saba da shi. Ana iya sa zare a yi turmi uku babu kisa, wato ba a kai kowa ƙasa ba, 'yan wasa suna ta zagayen juna da hannun kariya a miƙe, sannan a wasan da ke biye a buge mutum tun kafin makaɗa su gama gyara kalangu. Wanda ake biyansa bisa adadi zai cika katin kyamararsa da hotunan 'yan kallo da manyan baƙi domin lissafi ya yi kauri, amma wanda aka sayi yininsa yana da sararin durƙusawa a bakin da'ira ya jira dukan da ake nema.

Haka kuwa ya yi. Kyamara biyu ya rataya, ɗaya da dogon gilashi mai milimita 70 zuwa 200 domin jawo abin da ke tsakiyar fili, ɗaya da gajere domin taron jama'a, kuma ya bayyana mana cewa ba ya kwance gilashi a fili lokacin hunturu saboda ƙura tana shiga cikin kyamara ta bar ɗigo a kan kowane hoto. Tun kafin a fara ya zaɓi gefen yamma ya ba rana baya, ya saita saurin ɗauka a ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, wanda shi ne ke tsayar da hannu a iska ba tare da ya dusashe ba. Akwai hoto ɗaya daga karawar wani ɗan damben ɓangaren Arewa da na ɓangaren Guramaɗa da shi kaɗai ya rufe bakin masu ƙorafin tsada: ana ganin kowane zagaye na zaren da aka naɗe hannun da shi, layar da ke damtse ta tashi sama, muƙamuƙin wanda aka buga ya karkace, ƙura ta turnuƙe a ƙarƙashin diddigensa, can a baya kuma alƙalin wasa ya riga ya ɗaga ƙafa zai shiga tsakani. Ma'ajin kwamiti, wanda ya fi kowa adawa da farashin, ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce araha ba ta ado.

Inda aikin ya yi rauni shi ne bayan faɗuwar rana. Wasan ƙarshe na yini na biyu bai fara ba sai bayan sallar isha'i, a ƙarƙashin fitilun da janareta ke riƙe da su, kuma hotunan da suka fito daga wannan lokaci cike suke da ɗige-ɗige, fatar 'yan wasa ta koma wani launi mai kore-kore. Ya ƙi kunna fitilar kyamara domin kada ya kashe wa mai dambe ido a tsakiyar turmi, kuma wannan daidai ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne, mutumin da ya san sana'arsa haka ya san tun da rana cewa hasken ba zai wadatar ba, amma bai ce a ƙaro fitilu ko a matso da wasan gaba ba, sannan ya caji Naira 30,000 ta awa biyun da aka ƙara ba tare da ya sassauta ko sisi ba. Wasan da aka fi kashe wa kuɗi shi ne ya fi ƙarancin hoton kirki.

Miƙa aikin ma an ɗan sha jira. Hotuna ashirin na farko sun iso ta WhatsApp a daren da aka tashi, abin da ya ba mu damar sanya su a Facebook tun labarin yana da zafi, amma ragowar da ya ce mako ɗaya sai da suka haura mako biyu. Sun zo babu sunan ɗan wasa ko ɓangarensa a jikin ko ɗaya, sai lambobi kawai, har sai da aka zaunar da wani tsohon ɗan dambe ya riƙa faɗin wane ne wane.

Batun da ya fi tayar da jijiyar wuya bai taso ba sai daga baya, lokacin da ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin kyaututtuka ya so buga hoton nan na ɗan Arewa a allon tallan shagonsa. Mai hoton ya nemi Naira 50,000 daban, yana mai cewa abin da muka biya na amfanin kwamiti ne, wato shafukanmu da takardun sanarwar gasa, ban da tallan kasuwanci. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana bayansa, domin a ƙa'ida wanda ya ɗauki hoto shi ne mai haƙƙinsa sai idan an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka, kuma a takardarsa akwai layi ɗaya a can ƙasa da ya faɗi hakan. Sai dai sharaɗin da zai iya haɗa kwamiti faɗa da mai ɗaukar nauyinsa ya cancanci a faɗe shi da baki a wajen ciniki, musamman ga mutanen da suka saba cewa wanda ya biya kuɗin hoto shi ke da hoto. Alhajin ya biya bayan an kai ruwa rana, shi kuma mai hoton ya amince a ba ɗan damben da ke cikin hoton wani kaso, wanda tun farko babu shi a lissafin kowa.

Kwamiti ya sake tuntuɓarsa domin gasar baɗi, bisa sharaɗin a haɗa kuɗin izinin talla cikin farashi tun farko, ya zo ya duba fitilu kwana ɗaya kafin a fara, kuma a ba shi yaro ɗaya da zai riƙa rubuta sunayen waɗanda suka sa zare. Ya karɓi sharuɗɗan, ya ce zuwan duba fitilun zai ƙara rabin ladan yini a kan lissafi, kuma a nan cinikin yake tsaye har yanzu.