Zubi uku na ƙwan bantam a ƙaramin injin ƙyanƙyasa: abin da na gani

Wata bakwai ke nan da na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa na roba mai cin ƙwai 24, irin mai murfin da ake hango ciki, da fanka a sama, da na'urar da ke juya ƙwai da kanta. Zubi uku na kammala a cikinsa, duka na ƙwan bantam, waɗannan ƙananan kajin da babbarsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin babbar kaza ba. Sunan nasu ya samo asali ne daga Bantam, tashar jiragen ruwa a tsibirin Jaba na Indunusiya da yanzu ake kira Banten, inda matuƙan jiragen Turai suka riƙa sayen ƙananan kaji. Ni nau'in bantam da ake kira Sebright da Pekin nake kiwo, sai kaza Silki guda ɗaya. Sebright ce ta sa na sayi injin, domin kaza ce kyakkyawa, kowane gashi da baƙin zane a bakinsa kamar an bi shi da alƙalami, amma da wuya ta yi kwanci. Ta saka ƙwai ta tafi abinta.

Wajen riƙe zafi ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Na saita shi a digiri 37.5, na sa wani ma'aunin zafi na daban a ciki don in gwada gaskiyarsa, tsawon kwana biyu kafin in zuba ƙwai, bambancin bai kai rabin digiri ba. Ƙarar fankar ma ba ta hana barci.

Matsalar ita ce an ƙera shi ne da babban ƙwai a zuciya, kuma takardar da ta zo da shi ba ta ce uffan a kan ƙananan ƙwai ba. Ƙwan babbar kaza yakan kai giram 55 zuwa 60. Na Sebright ɗina da ƙyar yake haura giram 30. Sandunan da ke mirgina ƙwan tazararsu ta babban ƙwai ce, don haka ƙaramin sai ya nutse a tsakani, sandar ta yi ta juyawa shi kuwa yana nan inda yake. Ban lura ba sai a rana ta uku, da na ga alamar fensir da na yi wa ƙwai huɗu tana kallon sama tun safe har dare. Ƙwan da ba a juyawa, ɗan tayin yakan manne da fatar ciki. Daga ranar na koma taimaka wa waɗannan da hannu, sau uku a yini.

Zubin farko ƙwai 14 ne. A rana ta 7 na kashe fitilar ɗaki na haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Guda 11 na ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Uku kuwa fayau suke, ba komai sai inuwar gwaiduwa, na fitar da su kafin su zama baragurbi su fashe a kan sauran. Na ɗauka na gama da mai wuya.

Injin yana da lissafin kwanakinsa: kwana 21, sannan ya daina juya ƙwai idan rana ta 18 ta cika. Wannan lissafin babbar kaza ne. Ɗan bantam yakan riga, sau da yawa a rana ta 19 ko ta 20 yake fitowa. Da yammacin rana ta 18 na leƙa ta murfi sai na ga ƙwai ɗaya ya riga ya tsage, ɗan bakin tsakon ya ɓullo, ina tsaye a wurin na'urar ta motsa ta kifa ƙwan, hudar ta koma ƙasa. Nan take na zare wayar mai juyawa, na gyara masa kwanciya, amma buɗe murfin nan ya fitar da ɗan danshin da ke ciki. A daren ne kuma na gano cewa ma'aunin danshin injin ba ya faɗin gaskiya. Allonsa yana nuna kashi 65 cikin ɗari, wani ma'aunin da na aro na sa a ciki yana nuna 53. Ƙaramin ƙwai kuwa ya fi babba saurin rasa ruwa.

Washegari da safe tsakon yana nan bai ci gaba ba. Fatar da ke ƙarƙashin ɓawon ta bushe ta koma ruwan ƙasa, ta ɗame shi kamar an naɗe shi da takarda. Yana buɗe baki yana rufewa, kukan ma ya dushe. Na jiƙa auduga da ruwan ɗumi na riƙa shafa fatar a hankali, ina ɓantarar ɓawon kaɗan-kaɗan da farce, da na ga jan jijiya sai in tsaya, don alama ce bai gama shanye jini da gwaiduwa ba. Wannan ya rayu, yau shi ne zakaran garken. Amma cikin 11, biyar kawai suka fito. Sauran shida na fasa su daga baya, cikakkun 'yan tsaki ne da gashinsu, sun mutu a ciki. Na daɗe ban ji abu ya taɓa min rai haka ba, domin layi biyu a takardar injin da sun hana wannan asara.

A zubi na biyu ban bar masa ragama ba. Na ɗaure ma'aunin danshi nawa a ciki na daina duban allonsa. Na riƙe danshi tsakanin 45 da 50 har zuwa rana ta 16, ranar na cire sandunan gaba ɗaya, na shimfiɗa ƙyalle mai kaushi a ƙasa, na cika duka kwatocin ruwan na ƙara da jiƙaƙƙen soso har ya kai 68, na rufe ban sake buɗewa ba. Daga huda ta farko zuwa fitowar tsako ana iya ɗaukar awa 24, kuma wanda ya fito zai iya kwana ɗaya cur ba ci ba sha saboda gwaiduwar da ya shanye, don haka ba dalilin gaggawar buɗe murfi. Cikin ƙwai 16 masu rai, 13 suka ƙyanƙyashe. A na uku wuta ta ɗauke awa huɗu a rana ta 11, injin kuwa ba shi da batir. Na lulluɓe shi da bargo, kuma 15 cikin 18 suka fito, sai dai sun ɗan yi jinkiri.

Wanke shi yana da wahala. Gashin tsaki yana taruwa a bayan fanka, sai an kwance sukurori kafin a kai gare shi.

Wanda zai sayi injin nan ya san cewa aikinsa ya ƙare a ranar ƙyanƙyasa, ba fa uwa ba ce. Ɗan bantam yana fitowa ne ɗan mitsil, tafin hannu ɗaya yana ɗaukar uku. Suna son zafin digiri 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako, kuma su da kansu suna nuna maka: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Abincin tsaki na kasuwa ma ya yi musu girma a kwanakin farko, sai na ƙara murje shi. Mazubin ruwa dole a zuba masa tsakuwa, don ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba yana iya kashe su. Kada a shimfiɗa musu jarida, santsinta yana wargaɗa ƙafafu. Guda ɗaya ya same ni da haka, na ɗaure ƙafafun da ɗan filasta kwana uku suka miƙe.

A zubi na uku Silkina ta yi kusan mako uku tana kwanci a kan ƙwan roba. Da dare na zare su na cusa mata 'yan tsaki shida a ƙarƙashin fiffike. Da asuba na tarar tana tsince abinci tana ajiye musu tana kiransu, kawuna shida suna leƙowa ta cikin gashinta. Waɗannan sun riga na ƙarƙashin fitila koyon tono.

Jiya na yi zubi na huɗu, ƙwan Pekin 20, babu wanda ya haura kwana bakwai da sakawa. Na naɗa wa sandunan siririn soso don ƙwan ya daina nutsewa, kuma na manna takarda a kan murfi mai ɗauke da kwanan watan rana ta 16.