Gyara Fitilar Goshi ta Kasuwa ko Haɗa Sabuwa Domin Aikin Tiyata?

Likita, ka tambaya ko ya fi dacewa ka ɗauki fitilar goshi irin ta masu yawon daji ka yi mata 'yan gyare-gyare, ko kuwa ka nemo kayan haɗi ka ƙera taka mai caji domin ƙananan ayyukan tiyata. A ganina haɗa sabuwa ya fi, kuma babban dalilina shi ne launin hasken.

Yawancin fitilun kasuwa suna zuwa da ƙwan LED mai haske fari fat da ya karkata zuwa shuɗi, wajen 6500 a ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, wanda ma'auninsa na fito da ainihin launi, wato CRI, yake kusa da 70. A kan hanya cikin dare wannan ba laifi ba ne, amma idan ka haska shi cikin rauni sai ka ga tsoka ta yi fari-fari kamar an wanke ta, jan jini ya dushe, har bambancin naman da yake da rai da wanda ya fara mutuwa ya yi wuyar ganewa. Ƙa'idar IEC 60601-2-41, wadda ta shafi fitilun ɗakin tiyata, ta buƙaci ma'aunin CRI ya kai 85 zuwa sama. Wanda ya haɗa tasa yana da ikon zaɓen ƙwai irin Nichia 219 mai CRI 90 ko fiye, a tsakanin kelbin 4000 da 5000, kuma ina ba ka shawara ka duba lambar R9 a takardar bayanin ƙwan, domin ita ce take nuna yadda yake fito da jan launi, aikinka kuwa kusan duk a cikin ja yake.

Sai wurin da hasken yake fitowa. Fitilar kasuwa tana zama can saman goshi, tana watsa haske a faɗi, saboda haka da zarar ka leƙa rami mai zurfi sai bakin raunin da yatsunka su jefa inuwa daidai inda kake son gani. Wadda aka haɗa ana iya sauko da kanta tsakanin gira biyu, ta yadda haske da ido za su bi hanya ɗaya, a sa mata gilashi mai tattara haske ya zama da'ira ƙarama mai tsabtar gefe a nisan santimita 35 zuwa 45, wato tazarar da ake aiki a cikinta. Wannan gyara yana da wuyar yi a jikin fitilar da aka riga aka zuba a roba.

Ta fuskar batir ma akwai tazara. Fitilar kasuwa mai arha takan yi ta dusashewa yayin da batirinta yake raguwa, wasu kuma suna rage haske ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri, abin da yake gajiyar da ido. A taka kuwa, batirin lithiyam samfurin 18650 mai bolt 3.7 da ƙarfin mAh 3000, tare da AMC7135 guda biyu, wato ƙananan kayan haɗi masu daidaita wutar da ke shiga ƙwan, da kowanne yake ba da miliamfa 350 ba hawa ba sauka, zai kai ka wajen awa huɗu. Allon caji na TP4056 yana tsayar da caji a bolt 4.2, amma ka nemi wanda yake ɗauke da kariya daga zuƙe batir fiye da kima. Ka sanya batirin cikin akwati a ƙugu, waya ta bi ta bayanka, domin nauyin da ba ka ji a minti goma na farko wuyanka zai ji shi a awa ta biyu.

Inda fitilar kasuwa ta yi gaba shi ne ta zo a rufe ruf, an gwada ta, kuma goge ta yana da sauƙi. Ta hannu kuwa amincinta yana kan ingancin aikin wanda ya haɗa ta. Ƙwan yana buƙatar gindin alminiyam mai janye zafi, in ba haka ba haskensa zai ragu kuma goshinka zai sha zafi. Kowane haɗin waya a liƙe shi da dalma a rufe shi sosai, domin tartsatsi kusa da iskar oksijin haɗari ne na gaske, haka ma ɗan kusar da ya kwance ya faɗa cikin rauni. Kada ka yi cajin batirin alhali fitilar tana kanka.

Ko wacce ka zaɓa, ba a saka ta cikin tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta, sai dai a goge ta da maganin goge kayan aiki, don haka ka daidaita ta kafin ka wanke hannu, in ta goce kuma mataimaki ya gyara maka. Ka kuma nuna ta ga masu kula da na'urorin asibitinku su amince da ita kafin ta shiga ɗakin tiyata, ka ajiye cikakken batir na biyu kusa da kai.