Dune a babban allo: hamada ta fito, amma ina hawayen Paul?

Na daɗe da karanta Dune, littafin Frank Herbert na 1965, shi ya sa na shiga sinima kallon kashi na biyu na fim ɗin Denis Villeneuve, wanda ya fito a 2024, gabana na faɗuwa. Abin da kake so, tsoro kake ji kada a lalata maka shi.

Minti 166 ne, ko sau ɗaya ban duba agogo ba. Inda Paul, jarumin labarin, ya fara hawan ƙatuwar tsutsar yashi, kujerar da nake zaune sai da ta girgiza. Kafin ka ga dabbar, ƙasa ce ke gurnani, yashi ya soma malala kamar ruwa, sai ƙura ta turnuƙe allon baki ɗaya. Can na ankara ashe na damƙe hannun kujera gam. A Wadi Rum ta Jodan da Liwa ta Abu Dabi aka ɗauki hamadar, rana ce ta gaske take dukan yashi na gaske, kuma ido yana ganewa. Kiɗan Hans Zimmer kuwa a ƙirji ake jin sa. Wanda ya kalli wannan a waya, wallahi rabi ya gani.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. A littafin, bayan Paul ya kashe Jamis, wani mayaƙi daga cikin Fremen mazauna hamadar, wurin jana'izarsa ya zubar da hawaye. Mutanen Fremen, waɗanda ko gumin jikinsu ba sa bari ya salwanta, suka riƙa miƙo hannu suna shafa kumatunsa cike da mamaki: ga baƙon yaro yana bai wa mamaci ruwan jikinsa. A nan ne suka fara karɓar sa da zuciya ɗaya. Fim ɗin ya nuna yadda aka tatse ruwan gawar aka zuba a tafkin ƙarƙashin ƙasa, amma hawayen aka bai wa mahaifiyar Paul, Jessica, Stilgar, wani shugaban Fremen, ya share shi da yatsa. Wurin ya yi kyau, sai dai an raba Paul da taushin da zai sa ka ji zafin abin da ya zama daga baya.

Shi ma Stilgar, dattijon da littafi ya ba girma, imaninsa cewa Paul ne Mahadi ya koma abin da 'yan kallo ke dariya a kai. Javier Bardem, wanda ya fito a matsayinsa, ya iya wasa, amma na so a bar wa mutumin nan mutuncinsa.

Canjin da na yi na'am da shi na Chani ne, 'yar Fremen masoyiyar Paul. A littafi ta zauna tare da Paul. A nan kowa ya durƙusa masa, ita ta ƙi, ta juya ta koma hamada ita kaɗai. Fuskar Zendaya, wadda ta fito a matsayin Chani, a wannan hoton ƙarshe, haɓarta na rawa tana danne kuka, ita ce ta biyo ni har gida.